Kafar Ruwan Gidan Maigandi

Maigandi baduku maƙwabcinmu ne a unguwar Gidan Dare cikin Sakkwato, bango ɗaya ya raba gidanmu da nasu. Ya rasu bara waccan, na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da shi tun ban manta ba. Ba malami ba ne, ba kuma attajiri ba. Jar fatar akuya yake ɗinkawa, ya yi zabira da kuben wuƙa da rufin laya, ya kai kasuwa. Mutum ne marar yawan magana, in yana aiki sai ka ji ƙarar basilla kawai. Da wuya ka wuce ƙofar gidansa gab da damina ba ka tarar da shi bisa tsani yana duba indararo ba, ko a tsugune yana yashe magudana. Amma ba da wannan sanin ya zo duniya ba, sai da ya sha wuya.

Shi ne ɗan fari ga Baba Haruna da Inna Hajjo. Da anka yaye shi sai anka kai shi Dundaye wurin kawunsa Yari, kamar yadda aka saba yi wa ɗan fari. Can ya girma, daga can ya wuce Jega koyon dukanci, ya yi aure ya zauna. Gidan ubansa bai san shi ba sai da sallah, ya kwana biyu ya koma. Wajen shekara goma sha biyar da shigowar Nasara Sakkwato, Baba Haruna ya rasu cikin bazara. Maigandi ya kwaso kayan aikinsa da matarsa Sadiyatu ya dawo riƙon gida.

Gidan ba babba ba ne. Zaure, ɗakin ciyawa biyu, rumbu, sai soro ɗaya na ƙasa inda Inna Hajjo take. Ƙasar wurin ta gangaro wajenmu, don haka duk ruwan da ya sauka a gidansu ta cikin namu yake fita titi. Akwai kafa a gindin bangon da ya raba mu, bayan rumbunsu. Da rani akan toshe ta da dutse da laka saboda macizai da ɓeraye. In hadari ya fara haɗuwa gabas, sai Baba Haruna ya zo zauren mahaifina, Malam Siddiƙu, da goro goma cikin ganye, ya ce ya zo roƙon hanya. Mahaifina ya ce hanya tasa ce. Sa'an nan kowa ya buɗe gefensa. Na sama ba ya sakar wa na ƙasa ruwa bai roƙa ba, na ƙasa kuma ba ya tuna masa, don kada a ce goron yake nema. Haka sunka yi shekara talatin, su biyu, ba wanda ya taɓa zama ya koya wa wani.

Maigandi bai san da wannan ba. Abin da ya fara yi shi ne ya kira Lawwali magini ya yaɓe gidan duka, don kada a ce gida ya lalace a hannunsa. Lawwali ya bi bango da laka da makuba, ya shafe har dutsen da ke bakin kafar, wurin ya yi sumul. Tsofaffin indararon giginya sun tsattsage, anka cire su anka sa na gwangwanin kananzir da ake samowa daga bariki. Aikin ya cinye ɗan abin da ya zo da shi daga Jega, amma gida ya yi kyau, mutane na tsayawa kallo.

Ruwan farko da anka yi, tsakar gida ta cika har idon sawu, ruwan ya je ya kwanta a gindin soron Inna. Kwana biyu bai tsotse ba. Maigandi ya sake kiran Lawwali.

Lawwali ya zagaya da wando a naɗe, ya ce, "Ruwan ga ba shi da inda za shi. Sai mu gina mai rami tsakar gida mu cika da duwatsu, shi shige ƙasa."

"Nawa za ka yi shi?"

"Sule biyu. Kuma na Bature nika so, kada ka tara mini kuɗin wuri, jakina ya tsuhwa."

Maigandi ya sayar da fatu huɗu da ya jeme don sallah, ya biya. Ramin ya ɗauki ruwa ɗaya, na biyu ya cika ya tumbatsa, kwaɗi sunka samu gida. Sadiyatu ta ce wa matata Tani ta bisa bango, "Mu dai mun sayi tabki da kuɗinmu, saura mu nemi kwalekwale." Yawancin abin da ya faru cikin gidan ta bakin su biyun nan na ji shi.

Inna Hajjo ta san inda matsalar take. Amma tana cikin takaba, ba ta fita, ga kuma kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo gaisuwa sai ta juya fuska bango ta amsa a taƙaice. Ba za ta iya zaunar da shi ta karanta masa yadda ake riƙon gida ba. Sai ta kira Sadiyatu ta ce, "Ki ce ma mai gidan ga shi tahi shi gaida Malam Siddiƙu." A wurinta ta gama magana.

Maigandi ya sa rigarsa mai kyau ya zo. Ina zaune a zauren ranar. Ya durƙusa ya gai da mahaifina, anka yi ta'aziyya sabuwa, anka tambayi iyali.

Mahaifina ya ce, "Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Baba. Wajenmu ma har ya so shi yi yawa."

"To. Allah shi ba shi hanya."

"Amin, Baba."

Mahaifina ya dubi hannuwan Maigandi, ya dubi aljihun rigarsa, ya jira. Maigandi ya ɗan zauna, ya yi sallama ya tafi. Bayan fitarsa mahaifina ya ce, "Ƙila ya yi ma ruwanai wata hanya. Wanda ya zauna Jega ba ya rasa dabara."

Na ce, "Baba, ko in je in gwada mai kafar?"

"Ka ce mai mi? Siddiƙu na zaune shina jiran goro daga gidan mutuwa?"

Sau uku Inna na aiko shi, sau uku yana zuwa ya gaishe mu da ladabi ya koma. Shi a zatonsa tsohuwa tana son ya riƙe zumuncin ubansa ne.

Da damina ta yi tsakiya, gindin soron ya jiƙe ya fara zubewa, tsaga ta hau daga ƙasa har kusa da taga. Maigandi ya sayar da akuyar Sadiyatu ya sayi azara anka tokare bangon. Ya rame. Ran nan muna dawowa daga masallaci ya ce mini, "Ka san tun da anka yaye ni ban taɓa kwana wata guda gida ɗaya da Inna ba sai bana. Ko ba ta yi mini magana, ina jin tarinta da asuba." Maganar kafar na bakina, na haɗiye ta saboda mahaifina.

Labarin tsagar ya kai Dundaye. Washegarin fitar Inna daga takaba, da hantsi, sai ga Kawu Yari da jaki da tabarma a ɗaure. Manomi ne, gajere, mai murya, ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Ya tsaya bakin tsakar gida ya dubi ruwan, ya dubi azarar.

"Na zo ɗaukar ƙanwata. Ba ni barin ta ƙasa ta ruhe ta da ranta."

Maigandi ya ce, "Kawu, a ba ni kwana bakwai."

"Ka yi mi da su? Ka ƙara gina ma kwaɗi masauki? Kauce in wuce."

Ya tattare riga ya taka ruwa ya shiga soron. Da yayanta Inna ba ta da kunya, ta buɗe baki. Sadiyatu na bakin ƙofa tana ji.

"Yaya, an toshe kafa an yaɓe bisa, ruwa shi bi ta ina?"

"Wace kafa?"

"Ta bayan rumbu, wadda ka fita gidan Siddiƙu."

"Kin gaya ma yaron?"

"Har sau uku ina aika shi can."

"Da goro?"

Inna ta ce, "Na zaci ya sani."

Kawu Yari ya fito yana dariya har da riƙe ciki. "Kai ɗan Jega, zo nan. Sau uku ka tahi gidan dattijo hannu rabbana ka zauna kuna kallon juna? Laihina ne, ni na rene ka, gidana ruwa daji shika tahiya ba ya roƙon kowa." Ya zaro sisi daga lalitarsa ya ce a sayo goro, ya koya masa abin da zai ce.

Sunka zo tare. Maigandi ya ajiye goron gaban mahaifina, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, na zo roƙon hanya."

Mahaifina ya ce, "Hanya taka ce." Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, sa'an nan ya ce, "Ka daɗe bisa hanya, ɗana."

Kawu ya ce, "Ku biyun ku ka daɗe, Malam. Da na biye muku da sai mun tono ƙanwata da hauya."

Mahaifina bai ji haushi ba, ya miƙa masa rabin goron.

Na je na kawar da dutsen gefenmu na share magudanar. Ta wancan gefe ina jin Maigandi na ƙwanƙwasa bango da ƙotar gatari yana neman inda ke da rami. Da ya fasa, ruwa ya ɓullo baƙi, da ganye da ƙananan kwaɗi, ya bi ta tsakar gidanmu ya fita titi. Bai yanke ba sai bayan la'asar.

Kawu Yari bai yarda nan take ba. Ya ce sai ya ga ruwa da idonsa. Ya kwana biyu a zaure, ran na uku anka yi ruwa mai ƙarfi tun azahar, ya tsaya ƙarƙashin rumbu yana kallo har tsakar gida ta tsane. Sa'an nan ya yanke cewa Inna ta koma ɗakin ciyawa har kaka, in Lawwali ya sake gindin soron da sabon tubali ta koma ɗakinta. In ya dawo bayan girbi ya tarar ba a yi ba, zai zo da jakuna biyu.

An yi aikin kafin a gama sussukar gero. Maigandi ya biya rabi da kuɗi, rabi da takalma da ya ɗinka wa Lawwali da iyalinsa. Ramin tsakar gida ya cike shi da hannunsa. Indararon gwangwani sun yi tsatsa cikin damina biyu, ya koma wa giginya.

Inna Hajjo ta yi shekara goma sha ɗaya a soron nan bayan haka, ta ga jikoki huɗu, kuma daga cikinsa anka fitar da ita zuwa makwancinta. Maigandi ya ƙara shekara goma sha biyu yana ɗinki, har idonsa ya daina ganin bakin zare. Ya rasu ran wata Talata da safe, bayan ciwon kwana shida, anka rufe shi kafin azahar.