Mai Makullai da Hoton Inna

A layin nan ba a kiransa da komai sai Mai Makullai, don tun kafin ka hango shi za ka ji ƙarar tarin makullan da ke reto a ƙugunsa. Shagon ɗaukar hoto gare shi, amma yadda ya zuba masa ƙofar ƙarfe da kwaɗuna, sai ka rantse zinariya yake sayarwa. Tun yana saurayi haka yake, kowa ɓarawo ne a idonsa. Ma'aikata ba sa daɗewa da shi. Ƙanwarsa kaɗai ta jure, ita ke zama a teburin gaba tana karɓar masu zuwa, ita ma ba don daɗinsa ba.

Duk hotunan da ya taɓa ɗauka suna cikin tsohuwar kwamfuta ɗaya a ɗakin ciki, ya lulluɓe ta da zane kamar jaririya. Mai gyaran kwamfuta ya sha ce masa ya kwafe su ya ajiye a wani wurin daban.

"In kwafe, wani ya ɗauke ya buɗe shago da gumina?" in ji shi. "Allah ya kiyaye."

Ko kwamfutar ta nemi a sabunta ta, sai ya ce dabara ce ta cinye masa data. Wayo dai, a ganinsa, a kansa aka gama rabonsa.

A cikin kwamfutar nan akwai hoton mahaifiyarsu, Inna. Inna ba ta son kyamara, sau ɗaya tak ta yarda ta zauna masa, 'yan watanni kafin rasuwarta. Tun daga sadakar bakwai ƙanwar ke roƙonsa.

"Yaya, don Allah ka tura mini hoton Inna a waya."

"Ke, hoto ba ya fita daga shagon nan sai na gyara shi na buga tambarina. Kina so a ce aikina ne haka ba gyara?"

Shekara ta zagayo bai gyara ba. Ita kuwa abin yana cinta a rai, ba ta dai sake magana ba.

Mutumin da bai yarda da 'yar uwarsa ta ciki ɗaya ba, sai ga shi ya yarda da baƙon da bai taɓa gani ba, don kawai baƙon ya yabe shi. Wata safiya saƙon imel ya shigo, wai an zaɓe shi gwarzon masu ɗaukar hoto, ya buɗe fayil ɗin da ke ƙasa ya ga takardar yabo. Ya leƙo yana washe baki.

"Zo ki gani! Su da ke nesa sun san darajata."

"Yaya, wace gasa ka shiga?"

"Hassada dai! Mai basira ba ya neman gasa, ita ke nemansa."

Ya danna. Kafin azahar babu hoton da ke buɗuwa. Na aure, na suna, na 'yan makaranta, duk sun kulle, sai wani rubutu a fuskar kwamfutar yana neman kuɗin fansa.

Mai gyara ya zo ya duba, ya girgiza kai.

"Maigida, 'yan kutse ne. Sun kulle komai da nasu makullin. Ko ka biya, ba lallai su buɗe ba. Ina kwafin da ka ajiye?"

Mai Makullai ya shiga zage-zage. Ya zargi mai gyara, ya zargi mai shagon kusa, har ya je ya duba ƙofa ko an ɓalle ta. Lafiyarta ƙalau.

Da ya gaji ya zauna, sai ƙanwar ta dube shi.

"Yaya, hoton Inna fa?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullansa.

Ta ɗauki jakarta ta fito bakin titi. Ta runtse ido tana neman fuskar Inna. Ta tuna ɗankwalin, ta tuna murmushin. Amma ɗan tabon nan na kunci, ta rasa ko a dama yake ko a hagu.

A bayanta ta ji yayanta yana datse kwaɗunansa ɗaya bayan ɗaya, yana jijjiga kowanne don ya tabbatar ya kama.