'Yan Huji a Ƙirjin Baba

Da damina abinci ya fara tsaya wa Baba a wuya. Tuwo ya ƙi wucewa, daga baya ko koko sai da dabara. A wani asibiti a Kano aka ce ciwon daji ne a hanyar abinci. Likita ya nuna mana hoto, ya ce an haifi Baba da wata babbar jijiyar jini da ta saki hanyarta ta bi ta bayan maƙogwaro. Ba za su tsaga ƙirji ba. 'Yan huji za su yi, su zura kyamara da siraran ƙarafa, su cire wurin ciwon su ɗinke, suna kaffa-kaffa da jijiyar nan.

Aiki ya yi kyau. Ranar sallama likita ya ja mini kunne: ɗinkin yana ciki, dab da jijiyar, kada abu mai tauri ya bi ta wurin sai ya ba da izini.

Muka dawo Ruwan Bago, 'yan dubiya suka cika zaure, kowa sai an ɗaga masa rigar Baba ya gani. A garinmu da girman tabo ake auna ciwo. Wanda aka yi wa aikin gwaiwa ma ya fi Baba abin nunawa.

Na kawo masa kunu ke nan Baffa, yayansa, ya iso daga Gwangwan da balangu a takarda. Ya leƙa ƙirjin ya yi dariya.

"Wannan ai ƙahon wanzami ya fi shi. Yunwa ce ke cinka. Ungo."

Na ce, "Baffa, likita ya hana."

"Ke, yaushe aka haife ki? A hannuna ubanki ya tashi."

Baba ya dube ni, ya dubi naman. Tun da yake bai taɓa mayar da hannun yayansa ba, balle a gaban mutane. Ya ce, "Na gode, Yaya." Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar. Zaure ya ɗauka, alhamdu lillahi, sauƙi ya samu.

Zazzaɓi ne ya biyo baya, sannan ciwon ƙirji. Ranar da ya fara aman jini muka sa shi a mota muka nufi Kano, ko Ƙaraye ba mu kai ba ya cika.

An ce mini kwana ne ya ƙare. Na yarda, amma har gobe raina a ɓace yake. Wajen zaman makoki, ta bayan katanga na jiyo Baffa yana yi wa masu gaisuwa bayani:

"Dama na faɗa, ba su yi masa aikin komai ba. Huda shi kawai suka yi suka sallamo shi."