Ƙullin da Ya Bari a Tsirkiya

Matso kusa ka ji, maganar ba ta ɗaga murya ba ce. A kan wata 'yar igiya ce da ba ta kai tsawon ƙaramin yatsana ba.

A unguwar Mansur ta Makka muke zaune lokacin, a hawa na ƙarshe, daga mu sai suduh, wato rufin da muke shanya. Maigidana direban bas ne a tashar Kudai. Ni kuwa ba mai fita ba ce, in ka ga na sauka to Harami za ni ko gaisuwar mutuwa. Duniya ta kunne take shigo mini. Ina kicin nake gane mai hawowa daga takunsa.

Ɗanmu na fari a can Makka aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa. Bayan ya fara aiki ya shigo mana da baka. Ba irin na gida ba, wani ne mai tayoyi sama da ƙasa, igiyoyi sun gitta juna. Babansa jikan maharba ne daga ƙasar Zamfara, da ya gani sai da ya yi dariya har da tari.

"Wannan baka ne ko keken ɗinki?"

"Jarrib, ya Baba. Gwada mana."

"Kakana da bakan gora ya kayar da ɓauna. Kai da tayoyinka ko kwali ba ka samu."

"To Baba, a hawo da ɓaunar suduh mu gani."

Haka suka jingina tsohuwar katifa da kwalaye a bangon tankin ruwa. Kullum bayan la'asar suna sama, ni ina ƙasa ina jinsu.

Shi wannan bakan ba a jan tsirkiyarsa da yatsu. A tsakiyarta ake ƙulla ɗan madaukin igiya, ni kunne nake ce masa don kamar kunnen kofi yake. Sai wani ƙarfe da ake ɗaurawa a wuyan hannu, mai ɗan baki da ke cizon kunnen. In an ja an daidaita, a taɓa kunamarsa ya saki. Yaron da kansa yake ƙulla kunnen. Ya zauna a ƙofar kicin, ya ari laitata, ya ƙona bakin igiyar har ta narke ta yi ɗan kai, ya danne da babban yatsa yana yarfe hannu. Yakan ce da zarar kunne ya fara gashi, ko bakin ƙarfen ya yi kaifi yana cinsa, a sake, ba a jira. In ya tsinke ana tsakiyar ja, hannun mutum ne zai dawo masa a fuska da duk ƙarfinsa.

Yaron nan a hanyar Jidda Allah ya karɓi abinsa. Hatsarin mota. Aka yi masa salla a Harami, maza suka kai shi. Ka san kaburburan can ba suna ba alama, ko babansa da ya sa shi a rami bai iya nuna wurin ba da ya koma. Kayan sawarsa muka bayar sadaka kamar yadda ake yi. Bakan ne kawai ba wanda ya yi maganarsa.

Maigidana ya daina magana sai dole. Ya dawo daga dawam, wato aiki, ya ci loma biyu, ya juya wa bango fuska. Sai wata la'asar na ji takunsa ya nufi sama. Na tsaya da ludayi a hannu. Can na ji ƙas, na ji dum a katifa. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban samu yi ba ranar rasuwar. Daga ranar ya koma cin abinci. Har ya fara tsokanata cewa miyata ta koma ta Larabawa, ba yaji.

An daɗe a haka kafin ƙarar ta sauya. Da ƙas ɗaya ce mai tsabta. Sai ta koma da ɗan gurzawa a gabanta, kamar an ja farce a tabarma. Na hau shanya na duba bakan a rataye. Kunnen ya yi gashi, tsakiyarsa ta sirance ta yi baƙi.

"Malam, abin nan ya ci."

"Ke da ba ki taɓa jan baka ba?"

"Ban ja ba, amma ina ji."

"Yana da saura."

Na aika wa abokin marigayin, magidanci ne mai 'ya'ya a unguwar Utaibiyya, tare suke harbi a wajen gari. Ya zo da sabuwar igiya a aljihu. Ya shafa bakin ƙarfen da yatsa, ya murza kunnen, ya girgiza kai.

"Ya ammi, halas, wannan ya gama. Ƙarfen sai a sake shi yau. Kunnen ma yanzu zan yanke in ƙulla maka wani."

Maigidana bai yi musu a kan ƙarfen ba, na kanti ne. Amma ya ɗora hannu a kan tsirkiyar.

"Kwance shi za ka yi, ba yankewa ba."

"Ba ya kwantuwa, ammi. An ƙona bakinsa, ya zauna ke nan."

"To bar shi. Bukra, sai gobe."

Sai a lokacin na gane. Shi ne ƙulli na ƙarshe da yaron ya yi, har shatar yatsansa tana jikin narkakken bakin. Baƙon ma ya gane, ya sunkuyar da kai. Da zai sauka ya miƙo mini igiyar a ƙofar kicin.

"Ya hala, uwata, kar ki bari ya ƙara ja. Ido ne ko haƙora."

Na faɗa wa maigidan, kuma ya ji. Ya sa bakan a jakarsa ya ɗora kan kwaba. La'asar ta koma shiru. Ban ankara ba sai ga shi ya koma loma biyu da fuskar bango. Ka ga inda aka sa ni. In ya harba, fuskarsa. In ya ajiye, shi ɗungurungum nake gani yana zubewa.

Wata Juma'a ya sauko da jakar da kansa, ya shimfiɗa bakan a kan darduma, ya kawo reza. Ya daɗe a durƙushe. Da aka kira magariba ya ajiye rezar a cinyata.

"Hajiya, ni zan tafi masallaci."

Bai ce yanke ba, bai ce bari ba. Na ji takunsa har ƙasa.

Na yanke. Ko ƙara bai yi ba, zare kaɗan ne ya rage a ciki. Ya faɗo tafin hannuna gida biyu.

Da ya dawo ya dubi tsirkiyar, bai dube ni ba. Washegari abokin yaron ya zo ya ƙulla sabo. Maigidana ya koma suduh, ya koma cin abinci, idonsa biyu lafiya, haƙoransa cif. Amma tsokanar nan ba ta dawo ba. Har muka bar Makka bai tambaye ni inda na sa guntayen ba, ni ma ban iya ce masa ga su ba. Wani lokaci in na kawo masa shayi sai in ga hannuna yake kallo, ba kofin ba.

Ni dai na san ran mai rai na duba. Amma faɗa mini tsakaninka da Allah, da a cinyarka aka ajiye rezar nan, za ka yanke?