Mai Korar Doki a Gidan Yamma

Karatuna na boko bai wuce na yaƙi da jahilci ba, shi ma damina ta raba mu kafin malamin ya kai mu ƙarshen littafi. Har yau in zan rubuta doguwar kalma sai na tsaya a tsakiyarta na huta, kamar jaki a hawa. To mutum irina ne aka wayi gari yana sa hannu a kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara, ba a biyan kowa ko sisi.

Wani tsohon malamin gona mazaunin Makarfi ne ya ja ni ciki. Mun saba tun yana zuwa fadamarmu duba rake. Da ya ajiye aiki sai ya kama rubutu a kundin, ya riƙa zuwa ƙauyenmu, can wajen Dandamisa, yana yi mini tambayoyi a kan mazarƙwaila: yaya ake matse raken, yaya ake gane ruwan ya dahu, me ya sa wata ke yin baƙi wata ja. Ran nan ya gaji ya ce, "Bakinka ya fi hannuna gudu. Kawo wayarka in nuna maka, ka riƙa zubawa da kanka."

Haka na fara, da yatsa ɗaya. Ina rubutawa, wasu na bi na a baya suna tsince tsakuwa. Wadda ta fi kowa bi na wata malamar makaranta ce a Kudan, da ban taɓa gani ba. In na rubuta layi biyar da safe, kafin azahar ta daidaita su, ba ta canza nufina ba. Kowane shafi yana da wani ɗan zaure a bayansa da ake kira shafin tattaunawa, inda masu gyara ke yi wa juna magana. Can take bar mini saƙo, kullum da gaisuwa a gaba. Dokarsu ɗaya ce ta dame ni: duk abin da ka rubuta sai ka nuna madogara, wato littafi ko jarida da ta faɗi haka. Ni kuwa littattafaina duk suna maƙabarta. Malamin gona ne ke binciko takardun da suka yi daidai da maganata yana liƙawa.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda ya girme ni da shekara biyu. Mu ne Gidan Gabas, su ne Gidan Yamma, haka duk ƙauyen ke kiranmu. Tun muna yawo ba wando nake ce masa bawana, yana ce mini bawansa, kuma ba wanda ya taɓa amsawa. Wasan taubasai ke nan. Ka faɗa masa wadda ta fi ɗaci a gaban jama'a, ya rama, a yi dariya, iska ta kwashe.

Ga kuma gaskiyar da kowane tsoho a garinmu ya sani. Mahaifinsa ne ya fara kawo injin matse rake ƙauyenmu, irin na ƙarfe mai dogon gungume wanda doki ke ja yana zagayawa. Mahaifina a lokacin saurayi ne, shi aka ba wa tsumagiya yana bin dokin daga hantsi har la'asar. A nan ya koyi sana'ar, a hannun mijin yayarsa, kuma da ita ya ciyar da mu.

Da aka buɗe wa ƙauyenmu shafi, sai sheɗan ya zauna mini a kan yatsa. Na rubuta cewa Gidan Gabas ne suka kawo injin farko, mai Gidan Yamma na lokacin kuwa, wato mahaifinsa, shi ke korar musu doki. Niyyata in nuna wa taubashina, in more fuskarsa, in share.

Ranar kasuwar Makarfi na same shi a rumfar masu mazarƙwaila. Shi allo kawai ya yi, don haka na miƙa wa wani ɗan kasuwa wayar ya karanta da ƙarfi.

"Bawana," na ce, "ka ji abin da duniya ta rubuta a kanku?"

Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. "Wane jahilin ne ya rubuta?"

"Ilimi ne. Ba ruwansa da son ranka."

"Ai na gane mai shi. Maganar ɗingishi take irin naka." Rumfa ta ɗauki dariya. Ya nuna ni da sanda. "Share ƙaryar nan."

"Zan share. Ka dai ce ubangidana sau ɗaya, a gaban mutanen nan."

"Ni? In kira ɗan mai korar dokinmu ubangida? Bar ta nan ta tsufa."

Na bar ta. Kwana biyu sai ga saƙon Malama a shafin tattaunawa. "Baba, barka da ƙoƙari. Wannan magana ta gidaje biyu, ina madogararta?" Na amsa mata cewa ni ne madogarar, na girmi littattafansu. Ta ce, "Allah ya ƙara girma. Mun bar ta saboda ba mu taɓa kama ka da ƙarya ba. Amma na sa alamar ana neman hujja, za ta zauna har ka kawo." Na karanta, na ji wani abu ya ɗan soke ni, na sa wayar a aljihu na tafi gona.

Wajen ƙarshen damina taubashina ya kwanta. Na je duba shi wata ranar da la'asar, na tarar ya zube, wuyansa kamar sillen kara. Muka gaisa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ka share?"

Wallahi hannuna yana kan wayar a cikin aljihu. Amma na san mutumin. Shekara sittin ban taɓa raga masa ba. In na ce na share ba tare da ya faɗi kalmar ba, zai gane na ga mutuwa a fuskarsa. Wanda ya daina yi wa taubashinsa wasa ya fara yi masa ta'aziyya ke nan.

Na ce, "Sai ka faɗa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Bawa ba ya gajiya da roƙo."

Kwana uku bayan nan muka kai shi makwancinsa.

A zaman makoki, abokan aikin babban ɗansa suka zo daga Ikara, inda yake aikin gwamnati. Bayan an shafa addu'a, ɗaya daga cikinsu, mutum mai ladabi, ya so ya faɗi alheri. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. A mota na karanta tarihin garin nan a waya. Ashe mahaifin marigayi daga korar doki ya fara a Gidan Gabas, har Allah ya ɗaukaka gidansa. Abin koyi ne."

Tsofaffi suka zuba wa tabarma ido. Da mai gidan yana nan, da ya mayar mini da wadda za ta sa a yi dariya har a manta. Amma babu mai ramawa. Ɗan ya ce, "Mun gode," bai kalli inda nake ba. A nan na gane abin da na yi. Na ɗauki wasan baki na kai shi inda iska ba ta kwashewa, baƙo ya karanta ya ɗauka tarihi ne, kuma jikokin gidan haka za su tarar.

Na zagaya bayan masallaci na ciro wayata na juya jimlar, na mayar da gabas yamma, yamma gabas. Na ce shi ke nan, an rufe.

Da safe na duba, babu jimlar gaba ɗaya. Malama ta cire. Ta rubuta, "Baba, ina kwana. Watanni ka ce gabas, jiya ka ce yamma, duk daga hannu ɗaya, kuma babu madogara ko ɗaya. Na cire duka har mu ji daga gare ka."

Raina ya ɓaci. Ƙarya ta yi wata biyar a zaune lafiya, gaskiya ko kwana ɗaya ba a bar ta ta yi ba. Na hau acaɓa sai Makarfi. Malamin gona ya ji ni har na gama. Sai ya latsa wani wuri a wayarsa ya nuna mini tarihin shafin. Ga ƙaryata da ranarta, ga amsar rainin da na ba Malama, ga gyaran jiya.

"Nan ba a share komai," ya ce. "Kuma yarinyar nan ba ta yi maka laifi ba. Da maganarka ta dogara, kai ka karya ta. Yanzu da me kake so ta auna?"

"To ya zan yi? Sunan mutum ne."

"Ka shiga zauren ka faɗi abin da ka yi. Ba lallai ya dawo da jimlar ba. Amma zai zauna kusa da ƙaryar."

Tun hantsi har azahar ina kan benci a ƙofar gidansa ina latsawa. Ya so ya taya ni, na ƙi. Na rubuta komai: wasan, kasuwar, da wanda ya kawo injin, da wanda ya bi dokin.

Amsoshi suka riƙa shigowa. Wani mai gyara a Ikara, mai zafin kai, ya ce a bi duk abin da na taɓa rubutawa a tantance. Ban ga laifinsa ba. Suka raba shafukan a tsakaninsu, suka yi mako suna bi layi-layi, ni kuwa ina zaune kamar ɓarawon akuya a gaban alƙali. Ba su sami wata ƙaryar ba. Wani a Zariya ya shiga ɗakunan karatu neman inda aka ambaci injin garinmu, ya dawo hannu biyu. Malama ta ce, tun da haka ne, ba za a iya rubuta wanda ya fara ba, ko da kuwa duk sun yarda da ni a zuci. Sai a ƙarshe ta ƙara tambaya ɗaya. "Baba, injin yana nan?"

Yana nan. Yana bayan rumbu a Gidan Yamma, inda ya yi shekaru kaji na kwana a kansa.

Ranar Asabar ta zo a motar haya, ita da malamin gona. Ashe 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ni da nake zaton za ta cika ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar ban taɓa yi mata rashin kunya ba, sannan ta shiga Gidan Yamma ta yi wa matar marigayi gaisuwa. Ɗan ya kira maƙwabta, aka jawo ƙarfen fili, duk ya yi tsatsa. Filin da dokin ke zagayawa yanzu kuɓewa ce a ciki. Malama ta ɗauki hoto ta gaba, ta ɗauka ta gefe.

"A rubuta a ƙasa, injin farko a garin nan," na ce.

"Baba, hoto bai nuna farko ba."

"To a ce mafi tsufa."

"Shi ma bai nuna ba. Abin da ido ya gani kawai."

Abin da ta rubuta shi ne: tsohon injin matse rake da doki ke ja, a Gidan Yamma. Iyakarsa ke nan. Na so ya fi haka, amma ni na jawo.

Kafin su tafi na roƙi ɗan ya tara dattawan unguwa a zauren mahaifinsa, na miƙa masa wayata na ce ya karanta abin da na rubuta a shafin tattaunawa, da ƙarfi, yadda aka karanta ƙaryar a kasuwa. Ya karanta yana tuntuɓe a kan rubutuna. Da ya zo layin ƙarshe ya tsaya, ya ɗago ya kalle ni, karo na farko tun ranar makoki.

"Baba, har wannan?"

"Har shi."

Ya karanta: "Mahaifina ne ya bi dokin. Taubashina, mai Gidan Yamma da ya rasu, ubangidana ne."

Wani tsoho ya fara dariya, sai ta maƙale masa, ya sa hannun riga ya goge ido. Aka shafa fatiha.

Daga baya Malama ta gaya mini cewa a ƙa'ida shafin tattaunawa na maganar gyaran shafi ne kawai, layin ƙarshen nan bai kamata ya zauna ba. Na ce to ta cire. Shekara biyu ke nan, duk wanda ke gyara a shafin yana wucewa ta kansa, kuma har yau ba wanda ya taɓa shi.