Ranar da na tona asirin 'yata

Lokacin muna zaune a unguwar Ardwick, can ƙasar Turawa, maigidana yana digirinsa na uku, 'yata ta fari tana ajin ƙarshe na firamare. Baki gare ta kamar aku, amma a miƙa mata littafi sai haruffa su cakuɗe mata, ta wuni a shafi guda tana gumi.

Duk sanda malamarta ta tambaye ni yadda take a gida, sai in ce lafiya lau, mun gode Allah. To me zan ce? A Kano aka raine ni. Wace uwa ce za ta zauna gaban bare tana zayyana aibin 'yarta, 'yar fari ma, wadda ko sunanta ba na kamawa?

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rage ma'aikata, ƙwararriyar da ke duba irin waɗannan yara sai jefi-jefi take leƙowa, ga layi. Idan yarinyar ta shiga sakandare ba a san halin da take ciki ba, ta nutse ke nan.

Da hutu muka je wurin yayata, likita ce a Birmingham. Ta ba yarinyar kwalin shayi ta karanta, ta saurara, sannan ta ja ni kicin.

"Ke, wannan ya yi kama da disleksiya, larurar da ke hana gane haruffa, ba daƙiƙanci ba ne. Doka ta wajabta wa makaranta ta taimaka mata. Amma kina ta ce musu lafiya lau, wa zai ba mai lafiya magani? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki faɗa musu mafi munin abin da kika gani."

Na nemi zama da makarantar. Ashe a tsarinsu har yarinyar ake zaunarwa a ji ta bakinta. A gabanta na faɗi komai: ciwon cikin ƙarya ranar gwajin rubutu, kukan banɗaki, yadda take sa ƙanwarta ta karanta mata ta haddace, gobe ta yi kamar ita ke karantawa. Wallahi ji na yi kamar ina tuɓe ta a kasuwa. Suka sa ta a layin ƙwararriyar, suka ce kafin nan za a riƙa zama da ita daban.

A hanyar gida yarinyar ta yi gaba ta bar ni a baya. Na ce a raina shi ke nan, ta tsane ni. Sai a ƙofar flat ɗinmu ta tsaya.

"Mama, ashe kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun tuni."

Ta sunkuyar da kai. "Ni kuma ina ta ɓoyewa don kada in ba ki kunya."