Ranar da Kaka Ta Maƙale a Gajimare

Ban taɓa mantawa ba, kuma ba na jin zan manta, da Asabar ɗin da na sa jama'ar biki guda, manya da yara har da Fasto, suka kashe datar wayoyinsu saboda sakarcina. Ku sababbin ma'aikata da kuke ce min Anti Mai Kore a bayan idona, kuna tsammani ban sani ba? Na sani sarai. To yau ku gyara zama ku ji inda na kwaso wannan ciwo na duba koriyar alama a jikin kowane fayil kafin motar aiki ta tashi.

Lokacin watana huɗu kacal a wannan kamfani namu na unguwar Narayi a nan Kaduna. Ga wanda bai san sana'ar ba, mu ne masu kai lasifika da majigi da allo wuraren biki da taro. Oga Bulus shi ne mai kamfanin, ƙarƙashinsa akwai injiniyan sauti, sai ni Rifkatu a can ƙasa, mai riƙon laftof. Duk waƙa, hoto ko bidiyon da za a nuna wa jama'a, daga yatsana yake fita. Ina ji da kaina a lokacin, ba a magana.

A watan ne Oga ya samo mana wurin ajiya a intanet, wanda ake kira kilawud, mu kuma muka laƙaba masa gajimare. Abin da duk aka zuba a babbar kwamfutar ofis sai ya hau can, sannan ya bayyana a laftof ɗin da muke fita da shi. Oga har taro ya kira, ya ɗaga filas sama, 'yar na'urar nan da muke yawo da fayil a ciki, ya ce, “Daga yau wannan ya zama tarihi.” Muka tafa masa.

Abin da ba wanda ya gaya min, ni ma ban tambaya ba, shi ne yadda aka saita laftof ɗin tun daga shago. Don kada cikinsa ya cika, sunan fayil kawai yake nuna maka, shi kuwa fayil ɗin yana can sama, sai ka danna sannan ya fara saukowa, in akwai intanet. Wanda yake can sama, ɗan hoton gajimare ne a gefen sunansa. Wanda ya sauko ya zauna a cikin na'urar, shi ne mai koriyar alama. Ni kuwa, 'yar gari mai wayo, in na ga ɗan gajimaren nan sai in ji sanyi a raina, in ce madalla, wannan ya shiga wurin tsaro.

Bayan Ista da mako biyu muka samu aikin bikin wata yarinya mai suna Dooshima, 'yar Binuwai amma girman unguwar Romi a nan Kaduna, angonta kuma ɗan Zonkwa. Mahaifiyarta ta rasu tana goye, kakarta ta wajen uba ce ta raine ta har ta gama sakandare, sannan tsohuwar ta koma ƙauyensu. Yanzu ƙafa ta ƙi, ba ta iya zaman mota zuwa Kaduna. Shi ne mahaifin amarya, wani dattijo tsohon ma'aikacin masaƙa, ya je har ƙauyen ya sa mai hoto ya ɗauki tsohuwar tana sa wa jikarta albarka.

Ranar Alhamis ya kawo min bidiyon a filas. Ya riƙe shi da hannu biyu ya ce, “'Yata, wannan ba hoto ba ne, uwata ce. Na yi mata alkawari ba za a miƙa Dooshima ga dangin miji ba sai an ji bakinta. Ita kanta amaryar ban nuna mata ba.”

Na ce, “Baba, ka kwantar da hankalinka, Kaka ta zo hannu nagari.”

Na zuba bidiyon a kwamfutar ofis, na sa masa suna Albarkar Kaka, na mayar wa Baba filas ɗin. Da ma na mai hoton ne, a ranar Baba ya ba direba ya koma da shi Binuwai. Ranar Juma'a muka yi abin da muke yi har gobe, wato bin takardar duba kaya layi-layi. Oga yana kira ina amsawa. Da ya zo kan bidiyo na leƙa laftof, ga suna raɗau, ga ɗan gajimarena a gefe. Na ce, “Akwai, Oga!” har da ƙamewa irin ta soja. Ashe hangen Dala nake yi, ban shiga birni ba.

Asabar muka kafa kaya a wani zauren biki a Mahuta. Da safe sabis cike yake a wayata, ban ma kula shi ba tunda ban san ina bukatarsa ba. Aka taso daga coci, zaure ya cika ya batse, waɗansu har a tagogi. Dangin amarya da baƙi-da-farin zanensu, dangin ango da gangunansu, kowa kuma ya ɗaga waya sama yana nuna wa 'yan'uwan nesa biki kai tsaye.

Wajen ƙarfe uku da rabi Emsi, wato mai gabatar da biki, wani Mista Sunday mai bakin da ba ya gajiya, ya ce a yi shiru. Baban amarya ya karɓi makirfo ya faɗi alkawarin da ya ɗauka. Dooshima na jin an ambaci kakarta ta dafe ƙirji, ta juyo da kujerarta ta fuskanci allo. Emsi ya ɗago min hannu. Na gyara ɗankwali, na danna.

Wani ɗan zobe ya fara juyawa. Ya juya, ya juya, sai rubutu ya fito wai ba a iya sauko da fayil ba, a duba intanet.

Wayyo ni Rifkatu! Na haɗa laftof da datar wayata na sake dannawa. Ya fara saukowa kam, amma sabis ɗin da ya cika da safe yanzu ya zama kamar famfon unguwarmu da rani, ɗis, sai a jima, ɗis. Wayoyin jama'a sun shanye shi tas. Bidiyon kuma mai nauyi ne, mai hoton bai rage masa komai ba.

Oga ya lallaɓo ta bayana yana murmushin da ake yi don jama'a, ya ce ta tsakanin haƙora, “Rifkatu, ina Kaka?”

Na ce, “Oga, tana gajimare.”

“Tana ina?”

“Tana saukowa, Oga. Kashi uku cikin ɗari.”

Ya ce, “Jiya ba ke kika ce min akwai ba?” Na ce sunanta ne akwai. Ya kalle ni, ya kalli silin, ya ce Ubangiji ya ba shi haƙuri. Muka laluba dabara, babu. Filas ya koma Binuwai. Zuwa ofis a dawo a cunkoson Asabar ya fi awa guda, ga motocin dangin ango dole su kama hanyar Zonkwa da sauran rana. Na hango Baba tsaye da makirfo a hannu ya ƙi zama, na hango Dooshima ta ƙura wa allo ido. Wallahi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

To a ruɗewar nan na manta wayar majigi tana jone. Duk abin da nake gani, jama'a ma suna gani a babban allo: dogon layi, da lamba a gefensa. Wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, “Kashi huɗu!” Aka kwashe da dariya.

Mista Sunday ya taho ya rufe makirfo da hannu ya ce, “Ƙanwata, gaya min gaskiya in san ƙaryar da zan yi.” Na gaya masa cikin jimla biyu. Idonsa ya yi wani haske, ya ce, “Haba, wannan ai gaskiyar ta fi ƙarya daɗi.” Ya koma tsakiyar fili.

“Jama'a! Kaka ta taso daga Binuwai, ta biyo ta gajimare, amma kun tare mata hanya da wayoyinku. Tsohuwa ce, ba ta iya turereniya. Duk mai ƙaunar amaryar nan ya kashe datarsa yanzu, a ba Kaka hanya ta wuce!”

Kai, ku zo ku ga abin mamaki! Fasto ne ya fara ɗaga wayarsa ya kashe a gaban kowa. Sai tsofaffi suka shiga miƙa wa na kusa da su, “Kashe min abin nan, ban san wajen ba.” Kafin ka ce kwabo lamba ta yi tsalle daga huɗu zuwa goma sha ɗaya. Zaure ya ɗauki ihu. Matan zumunta suka miƙe da tulunansu da kacau-kacau, suka tayar da waƙa nan take, mai bayarwa tana cewa Kaka sauko, ana amsa mata da lambar da ke kan allo. Ashirin! Masu ganga suka shiga. Talatin da biyar! Dangin amarya suka fito suna karya jiki da irin rawarsu, dangin ango suka ce ba za a bar su a baya ba. Ni ina zaune na ɗaga wayata sama da hannu biyu kamar mai miƙa baiko a coci, gumi yana bin gwiwar hannuna, ina dariya ina hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba. Oga da kansa na gani yana kaɗa kafaɗa.

Da aka kai saba'in da ɗaya, abu ya tsaya cik. Waƙa ta yi sanyi. Mista Sunday ya zagaya ido ya ce, “Akwai Yahuza maci amana a cikinmu.” Aka shiga waige-waige. Can a layin baya aka gano wata gwaggon ango, ta jingina waya a jikin kular abinci ta yafa mata gyale, tana nuna wa ɗanta da ke ƙasar waje. Ta ce, “Haba jama'a, shi ma ai biki yake kallo!” Aka ce, “Anti, Kaka ko ɗanki?” Ta yi tsaki, ta ce wa wayar, “Sai an jima, kai ka jira,” ta kashe. Ko ita ce sanadi ko ba ita ba, Allah kaɗai ya sani, amma tana kashewa lamba ta motsa. Har yau ban ga matar da aka yi wa tafi don ta kashe waya ba sai ita.

Casa'in da takwas, casa'in da tara, ɗari. Ɗan gajimaren ya ɓace, koriyar alama ta fito a wurinsa, a karo na farko na gane ma'anarta. Guɗa ta tashi har sai da lasifika ta yi ƙara. Na danna.

Ga Kaka a allo, 'yar tsohuwa a kan kujerar katako ƙarƙashin bishiyar lemo. Ta matso da fuska kusa da kyamara, ta ce da Hausarta ta tsohuwar 'yar Romi, “An kunna? Dooshima, kina ji na? Na iso?”

Zaure gaba ɗaya ya amsa, “Kin iso, Kaka!”

Tsohuwar ta ci gaba da magana. Ta ce ƙafarta ta ƙi kai ta Kaduna, amma bakinta ba zai ƙi ba. Ta tuna wa Dooshima yadda take goya ta zuwa kasuwa, ta gargaɗi ango cewa yarinyar ba ta son a tashe ta da faɗa, sannan ta juya harshensu ta sa albarka doguwa. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na yi kuka. Dooshima ta durƙusa a gaban allo da farar rigarta har aka gama. Baba ya kama hannunta ya miƙa wa dangin miji, motoci suka tashi da sauran rana.

Ranar Litinin na zo ofis da shirin karɓar takardar sallama. Oga ya ce, “Zauna. Laifin rabi naki ne, rabi nawa, ni na kawo abu ban karanta shi ba.” Muka shiga saitin laftof muka kashe wancan tsari na barin fayil a sama, muka zaɓi a riƙa ajiye komai a cikin na'urar koyaushe. Ko sabon fayil aka zuba, da kansa zai sauko ya zauna. Cikin laftof ya cika, Oga ya sa aka ƙara masa ma'aji. Muka kuma ƙara layi a takardar Juma'a: a kashe intanet ɗungurungum, a buɗe kowane fayil a kalle shi daga farko har ƙarshe, sannan a ce akwai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da damina ta yi nisa, wata ranar Laraba ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, intanet ɗin ofis ya ɗauke tun safe, sai ga Dooshima ta shigo da baƙin zane. Kaka ta rasu. Sun nemi mai hoton, ya ce ya goge filas ɗin tuni ya yi wani aiki da shi. Ta ce, “Anti, ko kina da shi? Ko sai sabis ya dawo?”

Na ce, “Zauna, ƙanwata. Ba ma jiran kowa.”

Na buɗe laftof, ga koriyar alama, na danna. Nan take tsohuwar ta matso da fuska ta ce, “Dooshima, kina ji na? Na iso?” Dooshima ta sa hannu a jikin gilashin, ta ce a hankali, “Kin iso, Kaka.”

Ranar na san cewa a sana'ar nan ba fayil ake ba mu ba. Mutum uwarsa yake miƙo maka, ko ranar da ba za ta sake dawo masa ba, kuma abin da aka ba ka amana a hannunka ake riƙe shi, ba a bar shi a sama ana jiran sabis ba. Na kuma san mutanenmu: in ka gaya musu gaskiya, zaure guda zai kashe waya don tsohuwa ɗaya ta wuce.

Saboda haka ku ci gaba da ce min Anti Mai Kore, na amsa. Amma motar nan ba za ta tashi ba sai an kashe intanet an buɗe min bidiyon gobe na gani da idona.