Tayar da Oga Garba bai ɗiga wa fenti ba

Oga Garba ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina bakin titi ina jiran mashin da zai kai ni gareji. Matarsa Mama Asabe ce ta kira. Ta ce, "Talatu, babanki ya cika." Na ce to. Abin da na iya cewa ke nan, to.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bakina yana ta faɗa, amma har yanzu ban yi kuka ba. Ban san dalili ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai garejin da nake aikin kanikanci a hanyar Shabu. A da, shinkafa da wake nake sayarwa a bakin garejin, bayan rasuwar mijina. Wata rana ya ga ina leƙen injin da ya buɗe, sai ya miƙo min sifana ya ce, "Kin ishe ni da leƙe. Zo ki riƙe min nan." Daga ranar ban koma kan tukunya ba.

Tun safe abu ɗaya ke dawo min, tafiyarmu Kaduna.

Ƙungiyar makanikai ce ta shirya zuwa kallon kamfanin haɗa motoci, kuma kujeru kaɗan ne. Da aka sa sunana, wasu suka ce me mace za ta je yi, a ba namiji wurin. Oga ya ce, "To ku cire ni ni ma. Ku je ku dawo ku ba mu labari." Haka aka tafi da ni.

A ƙofa aka ba mu hular kwano, aka nuna mana layi a ƙasa aka ce kada wanda ya tsallake shi. Muka shiga. Ga gangar jikin mota a rataye a sama, ba taya, ba gilashi, ba kujera, tana tafiya a hankali. Ta iso kan inji, aka sauko da ita, suka haɗu. Wannan ya sa fitila, ta wuce. Wancan ya sa ƙofa, ta wuce. Ƙasa fes, ko ɗigon baƙin mai babu.

Oga mai surutu ne, amma ranar ya yi tsit. Sai da muka kai ƙarshen layin, aka murza makulli motar ta tashi, sannan ya ce, "Duk rayuwata a gadon asibiti nake ganin mota. Yau na ga inda ake haihuwarta."

Akwai wata mata a wurin tayoyi. Tana ɗaure noti, sai ta ciro wani alƙalamin fenti mai ruwan ɗorawa ta ɗiga a kai. Oga ya tambayi mai zagayawa da mu, ya ce duk notin da aka ɗiga wa fenti an gama ɗaure shi, wanda babu, ba a yarda da shi ko da ya yi kama da ɗaurarre.

Oga ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Kin gan ta? Ita ma ɗankwali ne a ƙarƙashin hular."

Kafin mu bar Kaduna sai da ya sa aka tsaya ya nemo irin fentin nan. Makanikan layinmu suka riƙa tsokanarsa, "Oga kamfani, yau mota nawa kuka haifa?" Ya yi dariya ya ci gaba da ɗigawa. Kuma shi kaɗai ke ɗigawa. Ko ni na ɗaure, sai ya bi da hannunsa ya gwada, sannan ya sa.

Jiya da la'asar yana canza birkin bas ɗin Yakubu, direban da ke kai mata kasuwar Assakio. Ni ina kan wata mota. Ya miƙe ya ce, "Ƙirjina ya yi nauyi, bari in je in ɗan kwanta." Ya sa min fentin a aljihun rigar aiki. "Riƙe min, kar rana ta busar da shi." Na ce, "Allah ya sawwaƙe, Oga."

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Yau da maza suka ɗauke shi zuwa maƙabarta, na zauna cikin mata, kowa na kuka ni ina kallon tabarma. Na kasa zama. Na tashi na tafi gareji, ban san me zan yi a can ba.

Ina zaune Yakubu ya zo, da ƙurar maƙabarta a ƙafarsa. Ya ce, "Anti Talatu, ki yi haƙuri, na san yau ba ranar wannan magana ba ce. Amma gobe kasuwa, mata sun riga sun ɗaure kaya. Na ga an sauke motata daga kan jak, ai Oga ya gama ko?"

Motar tana tsaye a kan tayoyinta huɗu, kamar wadda aka gama. Na kusa miƙa masa makulli.

Sai na zagaya. Tayoyin baya da fenti. Ta gaba, gefen fasinja, da fenti. Ta gefen direba babu ko ɗigo.

Na sa sifana. Notin farko ya juya ba tare da na sa ƙarfi ba. Na biyu ma haka. Ashe da hannu kawai Oga ya murza su, ya sauke jak zai ɗaure, ciwon ya tashe shi.

Yakubu ya zauna a ƙasa ya dafe kai. "Mota cike da mata, Anti. Da goyo."

Ni kuwa tsayawa na yi ina kallon tayar. Nan ne daidai inda hannun Oga ya tsaya.

Na ɗaure su duka, na sake bi na gwada, na taka birki na ji ya kama. Na ciro fentin daga aljihu, sai na waiga baya ina jiran Oga ya zo ya duba.

Yakubu ya ce, "Ki sa mana. Wa kuma za ki jira?"

Na sa. Ɗigona ya fi na Oga girma. In kun ga bas ɗin gobe a hanyar Assakio, taya uku nasa ne, ɗaya tawa ce.

Ya Allah, ka gafarta wa Oga Garba, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi. Duk wanda ya isa gida lafiya a motar da ya taɓa, ka sa ladan a mizaninsa. Ka ba Mama Asabe da yaransa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a. Ni ma ku sa ni. Gobe zan buɗe gareji, kuma fentin yana aljihuna.